Motar da Aka Auna da Gadon Igiya

Ƙanena Mir Ajab mota ɗaya ya tuƙa duk rayuwarsa, ita ma ba a bari ya mutu tana ƙofar gidansa ba. Yanzu haka tana can Peshawar, a wani fili da aka kewaye da waya, cikin motocin ɓarayi, ciyawa ta huda ƙasanta ta fito tsakanin kujeru. Masu cewa wai shi ya jawo wa kansa, su zo su maimaita a gabana. Ni na san wanda ya jawo, kuma zan faɗa.

Mu biyu iyayenmu suka bari a Shalgol, na girme shi da shekara shida. Tun yana ƙarami ba shi da magana. Ni kuwa Allah ya ba ni rabona na baki ya haɗa mini da nasa. Da ya tasa sai ya bi masu fasa dutse suna yanka hanya, a can ya koyi tuƙi. Ya dawo ya sare itatuwan da Baba ya dasa masa a bakin rafi, ya sayar da katakon, ya tafi gwanjon kayan soja ya sayo jif, irin gajerun nan masu rufin tamfol. Ranar da ya hawo da ita Shalgol tsofaffi suka fito suna barbaɗa mata garin alkama a goshi kamar an kawo amarya. Ni na zagaya ta sau ɗaya na ce masa, to, itatuwan Baba sun koma akwatin ashana mai ƙafa huɗu. Ya yi murmushi ya ci gaba da goge gilashi.

Daga gadar ƙasa zuwa Shalgol lanƙwasa bakwai ce, kowacce dutse a dama, rami a hagu, kogi can ƙasa siriri kamar zare. Gajeriyar motar nan shanye su take yi ɗaya bayan ɗaya ba ta ko tari. Mutum goma sha biyar take ɗauka, shida a ciki, sauran a rataye, akuya a cinyar wanda ya fi haƙuri.

Shekararsa uku da motar ya auri Gulsambar, wata doguwar yarinya daga ƙauyen da ke hayinmu. Ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Nakan tsokane shi in ce sai ya taka dutse kafin ya gaya mata magana a kunne. Ita ce mai dariyar, shi sai ya sunkuyar da kai. Na so yarinyar nan, ni da ban cika son mutane ba.

Naƙuda ta zo mata da gardama. Kwana biyu muna fama, ungozoma ta ce a tafi asibitin Chitral. A zaune muka kai ta, don babu wurin kwanciya a motar. Awa shida tana jingine a ƙirjina, kowane rami muka faɗa sai ta cije mayafina. Washegari da hantsi ta rasu, ita da abin da ke cikinta.

Da za mu dawo da ita aka ɗora ta a gadon igiya, gadon ya ƙi shiga. Aka juya shi ta nan, aka juya ta can. Daga ƙarshe aka cire kujerun baya, aka ɗaure gadon a kan rufi, ita kuma aka shimfiɗe ta a ƙasan motar aka bar ƙofar baya a buɗe. Ƙafafunta suka fito waje har ƙwauri. Ni na zauna a bakin ƙofar na naɗe su da mayafina na rungume, ƙurar hanya tana bin mu tana sauka a kansu. Mir Ajab na tuƙi. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya, amma madubi yana gabansa, kuma na san abin da ke cikin madubin.

Bayan sadakar arba'in ya sake ɗaure gadon nan a kan rufi ya sauka gari wurin Ustad Bulbul mai walda. Ya sauke gadon ya ajiye gefen motar ya ce a ƙara mata tsawo har wannan ya shiga a rufe ƙofa. Ustad ya gaya masa gaskiya, cewa doguwar mota ba ta son hanyar Shalgol. Mir Ajab ya ce ya ji. Sai Ustad ya ɗage bodi, ya yanke dogayen ƙarafan nan biyu da mota take zaune a kansu, waɗanda suke ce wa shasi, ya sa mata kamu biyu a tsakiya. Sandar da ke juya tayoyin baya ita ma aka ƙara ta, aka ƙara wa sifirin ƙarfi, aka ɗinka sabon tamfol. Wata guda aka yi ana aikin.

Yanzu masu takalmi mai sheƙi suna tambaya, ya nemi izini? Izinin wa? A wancan zamani in ƙanƙara ta rufe hanyar kan dutse, wata biyar muke yi babu wanda ya san muna raye. Daga baya direbobi da yawa a kwarin nan suka ƙara wa motocinsu tsawo, su don buhunan dankali. Babu wanda ya taɓa jin cewa akwai takardar da ake cikewa.

Maganar Ustad ta tabbata. A lanƙwasa ta uku da ta biyar motar ba ta juyuwa kai tsaye, sai an yi ribas sau biyu, tayoyin baya su je bakin rami har tsakuwa ta riƙa gangarawa. Namijin da ya fi kusa da ƙofa shi zai dira ya sa dutse. Mata su kama salati, maza su kama mita. Ni ma na yi tawa mitar, ba sau ɗaya ba. Na ce masa wanda ya hau motarka lafiya lau da ciwon zuciya zai sauka. Ya ce mai ciwon kuma a kwance zai sauka, Yaya. A tsawon shekarun nan taya ko ɗaya ba ta taɓa zame masa ba.

Aka sa mata suna mai gado. Tun daga lokacin babu macen Shalgol da ta sake zuwa asibiti a zaune, babu gawar da aka sake hawo da ita ƙofa a buɗe. Gadon kullum yana ɗaure a kan rufi ko da dankali ya ɗauko ko 'yan biki. In gawa ce ba ya karɓar ko sisi, kuma ba ya kunna rediyo sai bayan kwana uku. Aure kuwa bai sake ba. Mata uku na nemo masa, ɗaya har da gonar tuffa. Ya ce zai yi tunani. Yana nan yana tunanin har gemunsa ya yi fari.

Bayan shekara goma sha shida, ruwan rafukan da yake ratsawa ya yi aikinsa. Tsatsa ta ci ɗaya daga ƙarafan shasin, ta gaba, daidai inda masu ƙera motar suka buga mata lamba, lambar da ke rubuce a littafinta. Ustad Bulbul, wanda a lokacin ya tsufa, ya ce shi a ganinsa a bar ruɓaɓɓen wurin yadda yake, a manna masa faranti ta ciki, in ya sake ci a sake mannawa. Mir Ajab hankalinsa bai kwanta ba. Ya zo gidana da la'asar, na zuba masa shayi mai gishiri na gutsura masa gurasa, ya zayyana mini.

A wurinmu in tsohon ɗaki ya gaji aka rushe shi, ba a yar da ginshiƙin da kakanni suka sassaƙa. Ciro shi ake yi a kafa a tsakiyar sabon ɗaki, gida ya ci gaba da zama gidan da aka sani. Haka muka yi wa na Baba, yana jingine da shi ma a lokacin da yake mini bayanin.

Na ce, "Faci? A motar da ke ɗaukar masu naƙuda? Ka sa a cire ruɓaɓɓen gaba ɗaya a sa sabon ƙarfe. Lambar kuma a yanko ta a hankali a dasa ta a jikin sabon, kamar abin da kake jingine da shi."

"Ustad ya ce shi bai taɓa yin haka ba, Yaya."

"Ustad ai wuyansa ma bai taɓa wankewa ba. Shi ma bin sa za ka yi?"

Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Washegari ya sauka gari ya gaya wa Ustad yadda yake so. Ustad ya yanko guntun ƙarfen mai lamba, bai fi tafin hannu ba, ya dasa shi a sabon, ya goge ɗinkin ya yi sumul, ya bi da baƙin fenti. Da motar ta dawo har leƙawa na yi ƙarƙashi na yaba. Na yi mako ina gaya wa mata cewa ba don ni ba da maza biyu sun lalata mota.

Shekara goma sha huɗu ta ƙara yi tana aiki. Aka huda dutsen nan aka yi hanya ta cikinsa, Peshawar ta matso kusa, amma shi bai taɓa wuce Chitral da ita ba. Sai wani hunturu mahaifin Didar, maƙwabcinmu, ya zamo daga rufin ɗaki yana share ƙanƙara, ya bugu a baya. Didar shi ma direba ne, amma tasa gajeriya ce, don haka a mai gado aka sauko da tsohon. A Chitral likita ya ce wannan sai Peshawar, kuma kada a kuskura a tanƙwara shi. Motar asibitin ta riga ta tafi da wani. Mir Ajab ya ce ai ba a sauke shi ba tukuna, su wuce kawai.

Ya kai shi lafiya. A hanyar dawowa, shi kaɗai, 'yan sanda suka tsayar da shi a wani shingen bincike. Ya miƙa littafin motar, wanda yake ajiyewa a naɗe cikin ƙyalle tun ranar gwanjo. Suka duba littafi, suka duba mota, suka ce wadda ke littafi gajeriya ce. Ya ce gaskiya ne, ya fara ba su labarin. Bai kai ƙarshe ba ɗayansu ya shiga ƙarƙashi da wuƙa ya kankare fenti. Ya ga ɗinkin walda ya kewaye lambar ta gefe huɗu. Ya kira 'yan'uwansa.

Ashe abin da ɓarayin mota suke yi ke nan. Su yanko lambar motar da ta mutu mai takarda, su dasa a jikin ta sata. Mu ina muka sani? A Shalgol ko kaza aka sata sai an yi shekara ana zancen.

A motar haya ya dawo, bayan kwana huɗu. Daga gada ya hawo da ƙafa, gadon igiya a bayansa. Sun riƙe motar, gadon kaɗai suka yarda ya kwance.

Da aka kira shi ofishinsu a Peshawar bayan masu gwajin ƙarfe sun gama duba lambar, na ce da ni za a je. Ya ce hanya da nisa. Na ce ban tambaye shi ba. Muka sami wani jami'i mai furfura a gefen kai, ya sa aka kawo mini kujera, aka kawo shayi mai sukari kamar na yara. Ba shi da wulaƙanci. Da ma yana da shi, da na sami wanda zan zaga. Ni ba na jin harshensu, Mir Ajab ne mai fassara. Jami'in ya ce tsawon da aka ƙara laifi ne, don doka ta ce a nemi izini kafin a taɓa jikin mota, amma wannan tara ce da gyaran takarda, da an gama tuni. Lambar ce matsala. Ƙarfen da aka yanko aka dasa ba zai iya shaidar a jikin wace mota aka haife shi ba. Ya ce shi kansa ya yarda dattijon nan ba ɓarawo ba ne, amma yardarsa ba ta shiga fayil. Sai kotu.

Na ajiye kofin na ce wa Mir Ajab ya gaya masa cewa ni ce na ce a yanko lambar. Mai waldan bai so ba, mai motar bai so ba, ni na matsa da bakina. In kamu ne ga ni, ba ni da nauyi, kuma ba na cin abinci da yawa. Na yi magana mai tsawo, har da ginshiƙin Baba na kawo. Mir Ajab ya juya ya faɗi kalmomin da ba su fi huɗu ba. Jami'in ya dafa ƙirji ya rusuna mini.

Na ce, "Me ka gaya masa?"

"Na ce kin gode da shayi."

Daga nan muka je filin. Mai gadi ya bar mu muka shiga. Tana can tsakanin wata motar da ta ƙone da wata mai jan fenti irin na 'yan iska. Mir Ajab ya ciro tsumma daga aljihu ya goge gilashi, ya goge madubi, ya daddanna tayoyi da babban yatsa. Ni na durƙusa na leƙa. Ban iya karatu ba, lambar ba ta ce mini komai, amma na ga inda wuƙa ta kankare, ɗinkin Ustad Bulbul yana ƙyalli, kyakkyawa, babu ko ƙuraje.

A motar dawowa na yi shiru har muka shiga ramin dutsen, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Da muka fito na ce, "Ka zage ni mana, kai wane irin mutum ne?"

"A kan me? Ginshiƙin Baba ma haka muka yi masa, ga shi yana tsaye. Ba ki faɗi abin banza ba, Yaya. Su dai can ba haka suke gini ba."

Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Shekara biyu ana shari'a. Ustad Bulbul da zai yi shaida ya riga ya rasu. Mutanen Shalgol kaf suka dangwala yatsa a wata doguwar takarda, har da matan da suka haihu a asibiti albarkacin gadon nan. Lauya ya ce ta yi kyau, ya sa ta cikin fayil. Kowane zuwa sai a ɗage. Kowane zuwa kuma sai ya biya filin da tsummansa. Da farko mai gadi yana bari ya tayar da injin. Daga baya batir ya mutu, tayoyi suka zauna, rana ta cinye tamfol. Zuwan ƙarshe da ya yi, na tambaye shi yaya take. Ya ce ciyawa ta fito.

Labarin ya bazu a kwarin. Masu dogayen motoci suka tsorata, wasu suka sayar wa masu tsohon ƙarfe, wasu suka ɓoye su a bayan gida. Didar ya so ya ƙara wa tasa tsawo, ya zaga masu walda uku, kowa ya ce ya kawo takardar izini tukuna, ya yi ta nema har ya gaji. Matan Shalgol suka koma zuwa asibiti a zaune. In motar Didar ta wuce da mai ciwo, Mir Ajab yakan tashi daga bakin hanya ya shige gida. Ya daina zuwa hira ƙofar masallaci. Ya rame har hular ulunsa ta riƙa rufe masa kunne. Ina kai masa miya da zafinta, in dawo da yamma in tarar da ita ta yi sanyi, in yi ta faɗa, ya ce zai ci.

A kakar bara ƙirji ya kama shi. Muka kai shi Chitral a motar Didar, a zaune, yana jingine da ni. Kwana uku ya yi a asibiti ya rasu. A rana ta biyu ya tambaye ni ranar da aka sa za a koma kotu, na ce masa sai bayan an cire dankali, ya ce to akwai lokaci.

Motar asibiti ta kawo mu har gadar ƙasa, direban ya dubi hanyar ya ce iyakarsa ke nan. Didar yana jira da tasa, ya sauko da gadon igiyar daga gida. Aka gwada, bai shiga ba. Kowa ya san ba zai shiga ba, amma sai da aka gwada. Na ce a ɗauke shi a kafaɗa. Na dubi mazan da suka zo, tsofaffi shida ne da sanduna, samarin duk suna Karachi. Didar yana kuka kamar ba namiji mai 'ya'ya huɗu ba, yana cewa Inna ki yafe mini. Na ce ya rufe mini baki ya cire kujeru.

Aka shimfiɗe shi a ƙasan motar, aka bar ƙofar baya a buɗe. Shi gajere ne, ban taɓa barinsa ya manta ba, don haka ƙafafunsa iyakar idon sawu suka fito. Na hau na zauna a bakin ƙofar, na naɗe su da mayafina na rungume.

Da muka iso lanƙwasa ta uku sai na ji jikina yana jiran a tsaya, a yi ribas, wani ya dira ya sa dutse. Motar Didar ta shanye ta kai tsaye. Ta biyar ma haka. Kafin la'asar mun isa gida.